Gigin tsufa ba maita ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan tsofaffinmu. Tun rasuwar Baffa, Gwaggo ta daina zuwa biki da suna, abinci ma sai an lallaɓa ta. Muka ce takaba ce, za ta wuce. Bayan shekara uku ta fara manta sunayen jikokinta, maƙwabta na raɗa wai maita ce. Allah ya sawwaƙe.

Rahoton kwamitin mujallar likitoci ta Lancet na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya magancewa, masu hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa, wato gigin tsufa. Ciwon damuwa yana ciki, haka ƙarancin karatu tun yarinta, don ƙwaƙwalwar da ta saba aiki ta fi jure lalacewar tsufa. Gwaggo kuwa ba ta taɓa shiga aji ba.

Ina roƙon gwamnatin Kebbi ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar tsoho barcinsa da walwalarsa, ba awon jini kaɗai ba.

Naka,
Wani malamin firamare, Argungu