Rahoton ayyukan shekara: mayar da ƴan matanmu filin wasa

Ƴan uwa membobi, assalamu alaikum.

Bana ƙungiyarmu ta sa ƙarfinta kan ƴan matan kolej da lise na nan Yamai, waɗanda da zarar sun tasa sai a ce musu "kin girma", wasa ya ƙare. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce daga shekara 5 zuwa 17 yaro na bukatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa shi haki. Binciken da ta fitar a 2019 daga ƙasashe 146 ya nuna kashi 85 cikin 100 na ƴan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba su samun hakan, maza kuwa kashi 78. Hawan jini da ƙiba da ciwon suga tun ƙuruciya suke kafa saiwa, su ne kuma ke gajiyar da zuciya in an manyanta.

Mun soma da tattaki ranar Asabar da sassafe a kewayen filin wasa na Seyni Kunce, amma yaran da ke zuwa ba su da yawa. Da muka bi gida-gida a Bukoki da Lazare, wata uwa ta ce wa shugabarmu: "Hajiya, ɗiyata ba ta gudu a titi maza na kallo." Gaskiyarta. Sai muka koma harabar makaranta mai katanga, da mace mai horarwa, kowa da hijabinta, ana tsallen igiya da langa da ƙwallon hannu. Uwar nan ta zo gani da idonta, ba ta tafi ba sai da ta kama bakin igiya tana ƙirga wa ɗiyarta tsalle.

Ranar 29 ga Satumba, ranar zuciya ta duniya, malaman likita daga cikinmu sun auna wa yara da iyaye tansiyo. Sun kuma ja kunne kan ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi: in aka bar shi ba magani, yana iya lalata ƙofofin zuciyar yaro.

Inda muka gaza, zafin Afrilu da Mayu ya tsayar da mu, ƴan ajin jarrabawa kuma sun janye, mun ji zafin rasa su. Kuɗin karo-karo sun tafi wajen igiyoyi da ƙwallaye da ruwan sha. Masu bashin wata-wata, don Allah ku ga ma'aji kafin komawa makaranta a Oktoba, saboda muna son buɗe fili na biyu a Talaje.