Zuwa ga kwastomominmu: abin da munka canza a shafinmu

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, da duk masu sayen takalma da jakunkunan fata wurinmu nan Sakkwato da wajenta.

Wanda ya leƙa shafinmu kwanan nan zai ga babu maɓallin Facebook, babu taswirar Google, to ba lalacewa ya yi ba, mu munka cire su da gangan. Irin waɗannan abubuwa kyauta ake ba masu shafi amma da zarar ka buɗe, ko ba ka taɓa maɓallin ba, wayarka ta riga ta gaya ma kamfanin adireshinka na intanet da irin wayar da kake riƙe da ita da shafin da kake kallo, shi ya sa za ka duba takalmi ɗaya da safe kafin la'asar tallar takalma ta bi ka ko'ina awa mai bin bashi. Mu dai fata muke sayarwa, ba mu ga dalilin da wani can Amurka zai san lambar ƙafar Hajiya ba.

Kuma ba mu kaɗai ke wannan magana ba, tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, a 2024 ma hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda take yi da bayanan 'yan ƙasa.

Sai batun dogaro da abin wani. Kun tuna 4 ga Oktoba 2021 da WhatsApp da Facebook da Instagram sunka ɗauke kusan awa shida? Wannan shekarar ce gwamnati ta rufe Twitter sai Janairun 2022 anka buɗe. Ɗan kasuwan da duk lambobin mutanensa da lissafinsa ke cikin manhaja guda, ranar da ta tsaya shi ma ya tsaya. Don haka oda yanzu tana kwamfutarmu ta shago da kuma littafi, eh littafin takarda, ku yi dariya in kun so.

Abin da muke karɓa wurinku suna ne da lambar waya da garin da za a kai kaya. Direban da munka ba saƙo a tasha sunan da lambar kawai muke rubuta mai a jikin kwali. Ba mu tambayar BVN ko NIN, balle lambar sirri da banki ke turo maku, duk wanda ya nema da sunanmu ɗan damfara ne ku kashe wayar kawai.

Gaskiya ba komi munka iya rabuwa da shi ba, tiransifa dole ta bi ta banki, WhatsApp ɗin ma yana nan tunda nan mafi yawanku kuke, amma kira da tes duk suna aiki. Wanda ke son mu goge lambarsa da tsoffin odarsa ya yi mana magana za mu goge, in kuma kwatancen shago kake nema kira mu yaro ya fito ya tarbe ka bakin babbar kasuwa.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Masu shago