Ranar da muka yi darasin zuwan Turawa

Malam Edita, sallama.

Ni malamar firamare ce a nan Kano, wallahi jiya na sha dariya har cikina ya ƙulle. Ina koya wa 'yan aji biyar yadda sojojin Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka, suka ci Kano a 1903 lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato, kawai wani ɗan ƙarami ya ɗaga hannu wai Malama da wace miya suka ci?

Ban gama farfaɗowa ba wata tace ita fa ta san mulkin mallaka, ai shi kishiyar mamanta ke yi wa babansu, abin har wajen boka ake zuwa. Na ce rufa mana asiri!

Gidan Ɗan Hausa kuwa, wato tsohon gidan nan na tarihi da ke Kano, yaran sun rantse Bakano ne mai shi, da ƙyar suka yarda Bature ne.

Naku,
wata malama daga Gwale