Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinar Lafiya ta Jihar Jojiya a Amurka

Ranki ya daɗe,

Mun rubuto ne kan samari baƙar fata masu neman maza, da masu neman maza da mata duka. A 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, wadda hedikwatarta ke nan Atlanta, ta yi kiyasin cewa in aka ci gaba a haka, ɗaya cikin biyu daga irin waɗannan maza zai kamu da HIV a rayuwarsa. Yawan sababbin masu kamuwa ya sa gundumomin Fulton, DeKalb, Cobb da Gwinnett na yankin Atlanta suka shiga shirin tarayya na 2019 na kawo ƙarshen cutar. Magani akwai shi. Abin da ofishinki bai ba shi muhimmanci ba shi ne addinin waɗannan samari.

Da yawansu a coci suka tashi. Binciken cibiyar Pew na 2014 ya nuna kashi 75 cikin 100 na baƙar fatar Amurka na ɗaukar addini da muhimmanci ƙwarai. Imani yana ba saurayi dalilin kula da jikinsa da mutanen da zai jingina da su, kuma shi ne yake sa shi ɓoye kansa.

Ga inda abin ke lalacewa. Ƙwayar rigakafi ta PrEP tana rage haɗarin kamuwa ta jima'i da kusan kashi 99 cikin 100, amma sai ana shan ta kullum, kuma tana buƙatar kamar kwana 7 kafin ta kai ƙarfinta. Saurayi ya ji wa'azi mai zafi ranar Lahadi, ya yi alkawarin ya daina, ya zubar da kwalbar don yana ganin ajiye ta shirin saɓo ne. Bayan wata guda ya koma, jikinsa ba kariya, kunya kuma ta hana shi zuwa asibiti cikin awa 72 da ake fara PEP, maganin gaggawa na kwana 28. Ba gafala ba ce ta jawo wannan giɓin, tuba ce. Don haka muna roƙon a sa ma'aikatan asibitocin gundumomi su riƙa tambaya kai tsaye, ba izgili: akwai lokutan da kake daina shan ƙwayar saboda addini? Wanda ya ce e, a yi masa bayanin allura. Apretude ana yin ta duk wata 2 bayan allurai biyun farko, Yeztugo da aka amince da ita a Yunin 2025 kuwa sau biyu a shekara. Ba kwalbar da uwa za ta gani a ɗaki.

Gwaji a coci ma yana da ƙa'ida. Teburin da aka kafa a bakin ƙofa, wata dattijuwa da ta san mahaifiyar kowa tana rubuta sunaye, ba saurayin da zai tsaya a wurin. A haɗa gwajin HIV da awon hawan jini da na sukari, kowa ya shiga ɗaki ɗaya-ɗaya, fasto ya fara miƙa hannunsa, ma'aikatan kuma su zo daga wata unguwa. A gaya wa kowa cewa gwajin yawu yana iya ɗaukar kwana 90 kafin ya gano sabon kamu. Ƙungiyar Balm in Gilead, mai aikin lafiya tare da coci-cocin baƙar fata, ta daɗe tana shirya makon addu'a kan cutar a watan Maris, sai a ɗora a kan wannan.

Sai takardar inshora. Ɗan ƙasa da shekara 26 da ke ƙarƙashin inshorar iyayensa, bayanin abin da aka biya yana iya isa gidansu. A nuna wa kowane saurayi, tun ranar farko, yadda zai nemi a aika takardar zuwa adireshinsa, kafin a rubuta masa magani.

Naki,
Ma'aikatan rigakafin HIV a Atlanta