Na Juya Wa Ranar La'asar Baya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya iyali, ya sanyin Ingila? Shirunka ya yi yawa, amma yau ba ƙorafi ya kawo ni ba. Albishirinka, an fara haƙa harsashin gidan nan! Sai dai kafin a kai ga haka an sha daga, domin na sa an sake zanen gaba ɗaya.

Ka san filin, hamsin da ɗari ne, titi yana yamma da shi. Mai zane ya kwaso falo da ɗakina ya jera su a gaba, da manyan tagogin gilashi suna kallon titi, wai don gida ya yi kwarjini. Na ce masa a Kano, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wa zai kwana a ɗakin da ranar la'asar ta wuni tana gasawa? Bulon siminti shanye zafi yake yi, sai dare ya yi ya riƙa amayar da shi. Fanka ta yi ta juya iska mai zafi, man janareta kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 ba a magana.

Na tuna ka ce a can kowa rububin gida mai kallon kudu yake yi don rana ta ɗumama masa ɗaki. To, ku da kuke ganinta kamar baƙuwa kenan, har da ɗaukar hoto ka turo mana. Mu nan Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, da tsakar rana kusan a kan ka take. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ta ɗan karkata arewa, da hunturu ta koma kudu. Saboda haka bangon kudu da na arewa, rufi ya ɗan zarce kawai ya wadatar da su da inuwa. Gabas da yamma ne masifar, don da hantsi da la'asar rana a ƙasa take, kai tsaye take shigowa ta taga, babu barandar da za ta tare ta.

Yanzu gidan ya miƙe daga gabas zuwa yamma, ɗakuna a jere, tagogi kudu da arewa suna kallon juna don iska ta ratsa. Yamma na tura sito da matakala da bayi, su sha ranar. Bayin ma na tsaya a kai aka daidaita shi kudu da arewa, kada mutum ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Gabas ƙananan tagogi kawai, ka san daga can hadari ke tasowa. Baba da ya ga zanen dariya ya yi, ya ce maginan da ai bangon gabas suka fi bai wa makuba, shafen nan mai kare bango daga ruwan sama, su da ko takarda ba su riƙe ba.

Uwargida dai har yanzu ba ta gama saukowa ba. Ta ce tagogin arewa ƙurar hunturu za su kwaso mata, kuma da gaskiyarta, don haka masu rufuwa ruf zan saya ko da sun fi tsada. Af, ka ji Ango ya sake aure? Ta uku! Ya ce in faɗa maka ba zai karɓi uzurin kuɗin jirgi ba, tunda bara ma da shi ka fake.

Farantan sola a rufin kudu za su zauna, a ɗan jingine, yadda ruwan sama zai riƙa wanke su. In ɗakunan suka yi sanyi da kansu, ƙaramin inbata da fankoki sun ishe mu. Darbejiya biyu kuma tuni na dasa ta yamma, yaran makwabta ke ba su ruwa, awakinsu kuma na neman ganin bayansu.

Ka tambaya mini farashin batir a wajenku, ko da yake na san kuɗin kawowa zai cinye ribar. Hajiya tana gaishe ka, ta ce maganin ƙafar ya kusa ƙarewa.

Naka,
Amininka