Kifin da in ya shiga ba ya fita: martani kan muhawarar walai da tirawut

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan rahoton da kuka kawo a filin muhalli, game da ja-in-jar da masu kamun kifi ke yi a yammacin Amurka: a zuba walai, kifi mai farautar ƙananan kifaye, a madatsun ruwan da ake kiwon tirawut, wani kifin ruwan sanyi, ko a bar su yadda suke? Rahoton ya yi daɗin ji. Sai dai mai gabatarwa ya rufe da cewa ai ruwan na da faɗi, a zuba duka biyun, kowa ya kama abin da ransa ke so. A nan muka raba hanya da shi. Na yi aiki a sashen kula da kifi har na yi ritaya, kuma na san ba a raba ruwa tsakanin kifi biyu idan ɗayan abincin ɗayan ne.

Tirawut ɗin da ke yawancin madatsun nan hukuma ce ke ƙyanƙyashe shi, a loda 'ya'yan a tankar mota a juye su ruwa duk shekara. Sai ya sami rafi mai sanyi mai tsakuwa yake iya zuba ƙwai, kuma ba kowace madatsa ke da irin wannan rafi ba. Ranar da aka daina zubawa, a hankali zai yi ta raguwa. Shi kuwa walai ba ya jiran tankar kowa. Babbar mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 100,000 a kan duwatsun gaɓa, shekara ta zagayo ta sake. Ga haƙora, ga ido mai gani cikin duhu da gurɓataccen ruwa, shi ya sa farautarsa da almuru ce da asubahi. To a duba wanda aka kawo masa: ɗan tirawut mai tsawon yatsa, wanda ya tashi a kwami ana watsa masa abinci, bai taɓa ganin maƙiyi ba, jikinsa sumul babu ƙaya. Duk mai kiwon tarwaɗa da ya taɓa yin sakaci bai ware manya daga ƙanana ba, ya san abin da zai tarar ranar kwashewa.

Ba hasashe nake yi ba, an riga an gani a jihar Montana. Madatsar Kanyon Feri da ke kan kogin Misuri kusa da birnin Helena, wadda aka kammala a 1954, ta yi suna da tirawut da kuma wani ɗan kifi rawaya mai ratsi-ratsi, wanda iyalai ke zuwa kamawa ta ramin ƙanƙara lokacin hunturu. A 1989 ma'aikata suka fara tsintar walai a ragarsu. Zargin da ya fi ƙarfi shi ne wani ne ya shigo da shi a ɓoye. Kafin shekarun 1990 su ƙare ya riga ya zama ɗan gida. Ɗan rawayan kifin nan ya ragu ƙwarai. Su kuma 'ya'yan tirawut, dole hukuma ta koma riƙe su a gidan ƙyanƙyasa har su yi girman da ba za a haɗiye su ba, wato ƙarin watanni na abinci da ruwa da albashi. Aka faɗaɗa yawan walai da mutum zai iya kamawa a rana don a rage shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, su kansu masoya walai ɗin sun dawo suna kukan cewa wanda suke kamawa ƙanana ne. Yaya ba zai ƙanƙance ba, bakuna sun yi yawa, abinci ya yi kaɗan?

Kuma bangon madatsa ba ya tsare kifi. Duk shekarar da ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofi, walai na gangarawa madatsun Hauza da Holta da ke ƙasa, daga nan ya faɗa sashen Misuri da mutane ke tahowa daga nesa don tirawut ɗinsa. Mutanen can ƙasa ba wanda ya shawarce su.

Maƙwabciyarsu jihar Wayomin ta ɗauki darasi. Da aka gano walai a madatsar Bufalo Bil kusa da garin Kodi a 2008, doka aka kafa cewa duk wanda ya kama shi ya kashe, haramun ne a mayar da shi ruwa. A Montana ma, walai biyu kacal aka tsinta a tafkin Suwan a 2015, amma hankalin hukuma ya tashi har sai da aka binciki ƙashin kunnensu don a gano ruwan da aka ɗebo su. Hukumar da ke yin haka a kan kifi biyu ta san abin da ta taka.

Kada a ce na tsani kifin, ko kusa. Masu son sa suna da hujja. Tsokarsa fara ce mai daɗi, jihar Minisota ma shi ta ɗauka a matsayin kifinta na alfahari. Gasar kama shi na kawo baƙi, masu masauki da masu sayar da man jirgi su samu. A gabashin Montana, a madatsar Fot Fek, hukuma da kanta ke zuba shi, har an buɗe gidan ƙyanƙyasa a wurin a 2006, kuma ban ga laifin haka ba. Inda na ƙi shi ne a ce don ya yi kyau a can sai a kai shi ko'ina. Idan aka zuba tirawut aka ga ba riba, a daina, shi ke nan. Idan aka zuba walai aka yi da-na-sani, wa zai tsamo shi daga ruwa mai tsawon kilomita da dama? A tafkin Yelosuton na jihar Wayomin, tun da aka gano wani baƙon kifi mai cin 'yan'uwansa a 1994 ake jefa raga duk shekara, an kwashe miliyoyin kifin, an kashe miliyoyin daloli, har yau aikin bai ƙare ba.

Mu 'yan Afirka bai kamata a ba mu labarin nan kamar tatsuniya ba. Giwan ruwa namu ne, ɗan asalin kogin Neja da tafkin Chadi, kuma a ruwanmu kifayen da ke tare da shi sun saba da shi tun fil azal. Duk da haka, je ka bakin ruwa a Yawuri ka tsaya inda mata ke fede shi. Za ka ga an tsaga tumbi an zaro karfasa ɗungurungum, wani lokacin ko ɓawonta bai saɓule ba. Wannan kifin ne aka ɗauka aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, da niyyar a sami babban kifi na kasuwa. Ya yi lamo kusan shekara talatin, sannan a shekarun 1980 ya mamaye tafkin. Ƙananan kifaye 'yan asalin wurin, nau'i wajen 200, suka ɓace ko suka kusa. An sami kuɗi kam, masana'antu sun tashi a garuruwan Muwanza da Kisumu na bakin tafkin ana fitar da tsoka Turai. Amma kifin da talaka ke shanyawa a rana ya ja baya, aka bar shi da mai kitse wanda sai an banda shi da itace. Shirun shekara talatin ɗin nan shi ne abin tsoro, domin a lokacin duk wanda ya yi gargaɗi za a ce masa ina ɓarnar take.

Don haka roƙona, Malam Edita, ku sake waiwayar batun, amma wannan karon kada ku tsaya ga masu fatsa na ɓangarorin biyu. Ku nemo masanin kifi ku tambaye shi abu biyu: me walai zai ci bayan ya gama da abin da ya tarar, kuma aljihun wa zai biya kuɗin renon tirawut har ya girma? In da hali ku haɗa da wani daga cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, ya faɗa mana ƙa'idar da ake bi kafin a zuba sabon iri a Tiga ko Goronyo ko Bakolori, da kuma ko ana jin ta bakin Sarkin Ruwa da masuntansa kafin motar ta iso.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon ma'aikacin sashen kula da kifi,
Yawuri, Jihar Kebbi.