Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin inshorar lafiya da ya karɓi ma'aikatanmu

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na rubuto maka ne kan sharaɗin da kamfaninka ya gindaya mana tun da ma'aikatarmu ta bar tsohon HMO ɗinta, wato kamfanin inshorar lafiya, ta dawo hannunku: wai duk mai ciwon da ya riga rajistarsa da ku sai ya jira wata 12 kafin ku biya masa magani.

'Yata sikila ce. Da ciwon aka haife ta, saboda haka babu kamfanin da za ta shiga bai tarar da shi a jikinta ba. Kullum tana shan hydroxyurea da folic acid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma akan duba jininta lokaci zuwa lokaci. Tsohon kamfani yana biyan duk wannan. A hannunku kuwa, daren da ciwon ya taso mata, ƙasusuwa na sara tana kuka, asibiti ya nemi lambar izini daga gare ku, amsa ta dawo cewa tsohon ciwo ne. Sai da na ci bashi aka ɗaura mata ruwa aka yi mata allurar rage raɗaɗi. Abokan aikina masu hawan jini da ciwon suga su ma yanzu daga aljihunsu suke sayen magani.

Na san dalilin wa'adin jira. An yi shi ne don mutumin da zai zauna ba inshora, sai likita ya ce za a yi masa aiki sannan ya ruga ya yi rajista. To mu ina muka yi haka? Ko wata ɗaya ma'aikatarmu ba ta fasa biya ba. Ba mu muka zaɓe ku ba, takarda kawai aka kawo mana muka cike. Kun ga yawanmu, kun yanka farashi, kun karɓi kuɗin masu lafiya cif, sannan kuka ware marasa lafiya gefe. Wannan ba adalci ba ne.

Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa a Najeriya. Mene ne amfanin wajabcin in mai ciwo zai koma farkon layi duk sa'ad da wurin aikinsa ya canja kamfani? Amurka ta hana irin wannan wariya tun 2014. A Indiya, tun 2011 wanda ya sauya kamfani yakan tafi da lissafin jiran da ya riga ya yi.

Abin da muke nema shi ne ku ɗage wa'adin nan ga duk wanda yake cikin tsohon tsarin ba tare da yankewa ba, ku kuma mayar mana da abin da muka kashe. Rasiɗanmu suna nan a ajiye. Ku ba kowane ma'aikaci cikakkun sharuɗɗan yarjejeniyar a rubuce, don da yawanmu a gaban kantar asibiti muka fara jin labarinsu.

Na miƙa kwafin wasiƙar nan ga sashen kula da ma'aikata na wurin aikinmu. In ba mu ji daga gare ku ba zuwa ƙarshen wata, za mu kai ƙara ofishin NHIA na jiharmu.

Naku,
Wani ma'aikaci, mahaifin mai sikila, Kano